Tsofaffin motocin Maraɗi: Gyara biyu da ake yi wa inji, ɗaya na rage wahala, ɗaya na iya tada gobara

Duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Tibiri, ko ya gangara kudu wajen Jiratawa a watan Afrilu ko Mayu, ya san wannan abin: tsohuwar akori-kura a gefen kwalta, murfin inji a buɗe, fasinjoji sun watse neman inuwa, yaron mota kuma na jiƙa tsumma yana ɗorawa a kan famfon mai. Bayan minti goma ko ashirin inji ya ɗan huce, a tura, mota ta tashi, a ci gaba da tafiya har inda za ta sake shiɗewa.

Akasarin waɗannan motoci masu kafireta ne, wato na'urar nan da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, wadda a garejin Nijar aka fi kiranta da sunanta na Faransanci, karbiratar. Akwai Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, da tsofaffin Toyota irin su Hilux da HiAce da Corolla da Starlet, da wasu Nissan da suka girmi direbobinsu. Su ne ke kwaso zogale da tattasai da albasa daga fadamar Gulbin Maraɗi, su kai buhunan gero da wake kasuwa, su kuma ɗauko mara lafiya daga ƙauye cikin dare idan babu wata motar.

Gyara iri biyu ne ake yi wa irin waɗannan injina don a ƙara musu kwana. Na farko shi ne a cire tsohon tsarin ba da wuta a sa na lantarki. Na biyu shi ne a bar famfon mai na asali a ɗaura wanda ke aiki da batir. Sau da yawa tare ake yin su, a rana guda, kamar abu ɗaya ne. Amma ba ɗaya ba ne. Na farko idan an yi kuskure, iyakarta mota ta ƙi tashi. Na biyu idan an yi kuskure, mota na iya kamawa da wuta da mutane a ciki.

Dalilin da ya sa ba a jingine su ba

Peugeot 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, ta kuma ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Faransawa sun daina ƙera ƙaramar a 1983, amma kamfanin PAN da ke Kaduna, wanda ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da ita har tsakiyar shekarun 2000. Wannan ya sa kayanta suka cika arewacin Najeriya, daga Kofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna, kuma tsakanin Maraɗi da iyakar Jibiya tafiyar kimanin kilomita 50 ce kawai. Bakanikan da ya koyi aiki a kan 504 shekara talatin da suka wuce, ko idonsa a rufe zai kwance ta ya mayar.

Sauya mota kuwa ya ƙara wuya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 da takunkumin ECOWAS, an rufe iyakar Nijar da Benin ta wajen Gaya, alhali tashar ruwan Kwatano ce babbar ƙofar motocin gwanjo. Kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta yi tsawo, kuɗin kawo mota ya ƙaru. Mai tsohuwar akori-kura sai ya ƙara riƙe abinsa.

Sai kuma batun mai, wanda shi ne ya fi taɓa aljihu. Shekaru da dama man Najeriya mai rangwame da 'yan ruwa-ruwa ke sayarwa a kwalabe da jarkoki ne ke tafiyar da yawancin motoci da baburan Maraɗi. A lokacin ba kowa ya damu da yawan shan man motarsa ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a wurare da dama kafin ƙarshen 2024. Nauyi ya dawo kan matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. A watan Yulin 2024 gwamnatin Nijar ta sauke farashin lita zuwa sefa 499, wato dala ɗari ba sefa ɗaya, amma a watan Maris na 2025 sai ga dogayen layuka a gidajen mai saboda ƙarancinsa. Direban da ya taɓa kwana a layi ya fara lissafin kowace lita.

A ɗauka mota na shan lita 20 a rana. A farashin gwamnati, kusan jika goma ke nan. Idan lita ɗaya cikin kowace goma na tafiya a banza saboda wutar inji ba ta zuwa a kan lokaci, an yi asarar jika ɗaya kullum, kusan jika talatin a wata. A gidan da motar ce ke ciyar da shi, wannan kuɗin cefane ne na kwanaki.

Abin da ke faruwa a cikin delko

Kalmar "delko" da bakanikai ke amfani da ita ta yi doguwar tafiya kafin ta iso Maraɗi. Asalinta sunan wani kamfani ne, Delco, da Charles Kettering da Edward Deeds suka kafa a garin Dayton na Amurka a 1909. Tsarin ba da wuta da Kettering ya ƙirƙira ya fara aiki a motocin Cadillac a 1910, Faransawa suka ari sunan kamfanin suka laƙaba wa na'urar da ke raba wutar, daga bakinsu kuma ya shigo garejin Nijar. Ke nan tsarin da ke cikin tsohuwar 404 ya haura shekara ɗari a duniya.

Yadda yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Batir na ba da bolt 12, wanda bai isa ya tsallaka bakin buji ba. Bobin, wadda a Najeriya ake ce wa kwayil, ita ce ke ɗaga shi zuwa bolt dubu goma sha biyar ko fiye. Amma ba ta yin haka sai a daidai lokacin da aka katse wutar da ke ratsa ta. Mai katsewar shi ne falatin: wasu ƙananan ƙarafa biyu a cikin delko da ke haɗuwa su rabu. Sandar delko na juyawa, kusurwoyinta na tura wani ɗan guntun roba mai tauri, shi kuma ya buɗe bakin falatin. Da ya buɗe, wuta ta yi tsalle a buji, fetur ya kama, fistin ya sauka.

A inji mai silinda huɗu, falatin na buɗewa sau biyu a kowane juyi. Idan inji na juyi 3,000 a minti, an buɗe sau 6,000 ke nan, wato sau 100 a daƙiƙa guda. Tafiyar minti goma sha biyar a haka, kamar daga Maraɗi zuwa Tibiri, sau 90,000 ce. Kowace buɗewa tana ɗan ƙona bakin ƙarfen, tana kuma ɗan cinye robar da ke gogar sanda.

A nan ne ƙurar hunturu ke yin nata aikin. Idan ta shiga delko ta haɗu da man shafawar da ke jikin sanda, sai ta zama kamar sanfefa. Robar na cinyewa, tazarar bakin falatin, wadda ya kamata ta tsaya wajen milimita 0.4, na raguwa. Tazara na raguwa, wuta na makara. Wutar da ta makara kuwa tana nufin fetur bai gama ƙonewa ba fistin ya riga ya yi nisa: ƙarfi ya ragu, inji ya yi zafi, direba ya ƙara taka totur, tanki ya ƙara saurin ƙarewa. Abin ba ya zuwa rana ɗaya. A hankali yake shigowa, har direba ya saba, ya ɗauka tsufa ne kawai.

Kusa da falatin akwai wani ɗan gwangwani da ake kira kondansa, wanda aikinsa shi ne hana tartsatsi ya cinye bakin ƙarfen. Da yake kamfanonin ƙera motoci sun bar wannan tsari da daɗewa, falatin da kondansan da ke kasuwa yanzu ingancinsu ya bambanta ƙwarai, ana kuma samun sabo fil daga kwali ya mutu cikin 'yan makonni. Wannan na cikin abin da ya sa masu motoci suka fara neman mafita.

Ɗan akwatin da ya maye gurbin falatin

Mafitar ma ba sabuwa ba ce. Kamfanin Chrysler ya fara sa wutar lantarki a motocinsa tun farkon shekarun 1970, General Motors ya biyo baya a tsakiyarsu. Matashin Maraɗi da ke kabu-kabu ya riga ya san irinta, domin akwatin CDI da ke cikin babur ɗinsa ɗan'uwanta ne, haka ma ƙananan injinan ban-ruwa da masu lambu ke amfani da su a fadamar Jiratawa, waɗanda yawancinsu babu falatin a cikinsu.

A mota, ana cire falatin da kondansa, a ɗaura wani ɗan modil da bai kai akwatin ashana ba a gurbinsu, a zura wani zobe mai maganaɗisu a jikin sandar delko. Duk lokacin da maganaɗisu ya gifta, modil ya ji shi ya katse wutar bobin. Yawancinsu na aiki ne da wata dabi'ar lantarki da Ba'amurke Edwin Hall ya gano a 1879. Babu abin da ke gogar wani, saboda haka babu abin da ke cinyewa. Lokacin da aka saita yau, shi za a tarar bayan shekara. Akwai sanannun kamfanoni da ke yin irin wannan, kamar Pertronix a Amurka da Lumenition a Ingila da 123ignition a Holan, akwai kuma masu araha marasa suna daga Chaina.

Wata hanyar, wadda ta fi dacewa da wanda ke kusa da kasuwar kayan gwanjo, ita ce a ciro delko sukutum daga motar da ta fito daga kamfani da wutar lantarki. Wasu 505 na shekarun 1980 na da inji dangin na 504, Toyota ma ta fitar da injinanta na baya-baya masu kafireta da irin wannan delko. Kayan kamfani ne, an yi su don su daɗe, sai dai a tabbatar delkon na wannan injin ne, domin kowane inji da yadda yake son wutarsa ta riƙa gabata yayin da gudu ke ƙaruwa.

Akwai ƙarin gishirin da ake yi wajen tallata abin. Modil ba ya ƙara wa inji ƙarfin da bai da shi. Motar da falatinta sabo ne kuma an saita shi daidai, ba za ta ji wani babban bambanci ba a ranar farko. Ribar tana zuwa ne a wata na uku da na shida, lokacin da falatin da tuni ya kauce, modil kuwa yana nan inda aka bar shi. Tashin safe a lokacin sanyi na yin sauƙi, zuwa gareji don saiti na raguwa. Amma idan ƙananan ƙarafa da sifirin da ke ƙasan delko sun cije da tsatsa, ko fatar da iskar inji ke ja ta tsage, ko murfin delko ya fashe, ko wayoyin buji na zubar da wuta, modil ba zai warkar da ko ɗaya ba. A gyara waɗannan tukuna.

Saitin ma sai an sake shi, kuma a nan ne tsofaffin hannu da matasa ke saɓani. Tsohon bakanike na juya delko yana saurare har inji ya yi masa sautin da yake so. Kunnen gwani ba abin rainawa ba ne, amma fitilar saiti, wadda ke walƙiya a kan alamar da ke jikin inji, ta fi shi gaskiya. Wutar da ta gabata da yawa na sa inji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan an ɗauki kaya ana hawan tudu, kuma wannan ƙarar na iya huda fistin. Da yake man kwalba ba a san ingancinsa ba, na yau daban na gobe daban, gara a bar wa inji ɗan sarari da a kai shi maƙura.

Halayen da ke kashe shi

Falatin jakin gida ne, yana jure duka. Modil ba haka yake ba, kuma abubuwan da ke kashe shi su ne ainihin abubuwan da aka saba yi a tasha.

Na farko shi ne aron batir. A ɗauko na wata mota a tada inji, sannan a cire shi inji na aiki a mayar da mataccen. A 'yan daƙiƙun da babu batir, wutar da janaretan mota ke bayarwa na iya yin tsalle sama da ƙima, modil ya ƙone nan take. Haka abin yake idan aka tada ƙaramar mota da batiran babbar mota masu bolt 24, ko aka yi walda a jikin mota ba a cire kan batir ba. Barin makulli a kunne inji a kashe, don a ji rediyo ko a yi cajin waya, shi ma yana dafa bobin da modil masu arahar. Wayoyin modil biyu ne, ja da baƙa. Idan aka juya su sau ɗaya, an gama.

Sai batun bobin. Yawancin ƙananan modil na son bobin mai juriyar om uku, ko mai om ɗaya da rabi haɗe da ɗan farin dutsen nan da ke rage wuta. Da bolt 12 da om uku, amfiya huɗu ce ke ratsawa. Idan aka ɗauko bobin ta motar zamani mai ƙasa da om ɗaya, don an ji ana cewa ta fi wuta, abin da zai ratsa ya ninka sau uku ko fiye, modil ba zai kai ko'ina ba. Ƙaramin mita na gwajin wuta na raba wannan gardama cikin minti ɗaya, amma ba kowane gareji ke da shi ba.

Babban abin da mai mota ke sadaukarwa shi ne gyaran gefen hanya. Falatin yakan yi gargaɗi kafin ya mutu, kuma ko a ƙauyen da ke bayan Tibiri aka tsaya, za a samu wanda zai goge bakinsa da ɗan sanfefa, ya auna tazara da kwalin sigari, a lallaɓa a iso gari. Modil ba ya gargaɗi, ba a kuma gyara shi. Shi ya sa mai hankali ba ya barin tsohon falatinsa da kondansa a gareji. Yakan ƙulle su a leda tare da sukurorinsu da sukundireba, su zauna cikin mota.

Famfon mai: inda hatsarin yake

Famfon asali a jikin inji yake a ɗaure. Wani hannu na ƙarfe da inji ke turawa yana motsa wata fata, ita kuma ta tsotso mai daga tankin da ke can baya ta tura wa kafireta. Yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: inji na tsayawa, shi ma ya tsaya.

Rauninsa zafi ne. Fetur gauraye ne na sinadarai, kuma mafi sauƙinsu na fara zama tururi tun zafi bai kai digiri 40 ba. A Maraɗi, inda zafin bazara ke haura digiri 40 a inuwa, famfon da ke manne da inji mai zafi, yana kuma tsotso daga nesa, sai ya wayi gari yana jan tururi maimakon mai. Tsumman da yaron mota ke jiƙawa na sanyaya famfon ne don tururin ya koma ruwa. Idan kuma fatar ta tsage, fetur na iya zubewa cikin baƙin mai ya tsinka shi. Mai motar da ya ga baƙin mansa na ƙaruwa maimakon raguwa, yana kuma warin fetur, to injinsa na gab da lalacewa.

Dabarar da wasu ke yi, ta ɗora jarka a kan rufi ko a gefen direba a sako tiyo zuwa kafireta, tana kai mota gida, amma zama ne da mutuwa a kafaɗa. Famfon batir ya fi ta nesa ba kusa ba, muddin an yi shi daidai. Ana ɗaura shi ƙasa-ƙasa kusa da tanki, domin ya fi iya turawa a kan tsotsowa, kuma man da ake turawa ba ya saurin zama tururi. Ana sa matata kafin shi, saboda yashi da ruwan da ke biyo man jarka da tsatsar tsohon tanki.

Kuskuren da ya fi muni yana farawa ne daga wajen saye. Kasuwar gwanjo cike take da famfunan motocin zamani masu injekta, ga araha ga ƙarfi. Su kuwa an yi su ne su tura mai da ƙarfin bar uku ko kusa da haka. Kafireta ba ta bukatar fiye da bar 0.2 zuwa 0.3. Abin da ke tsayar da mai idan kwanon kafireta ya cika wata 'yar allura ce da wani ɗan abu mai yawo a saman man ke dannawa. Ƙarfin da ya ninka nata sau goma zai ture ta, mai ya yi ambaliya. A injinan Toyota irin su K da F, kafireta na zaune ne a saman bututun hayaƙi, wurin da ya fi ko'ina zafi. Wanda ya sa irin wannan famfo don ya rabu da tsayawa a hanya, ya yi gyaran gangar Auzinawa. Ko bai kai ga gobara ba, man da ya yi yawa zai wanke jikin silinda, buji ya yi baƙi, shan mai ya wuce na da.

Kuskure na biyu a wajen haɗa waya yake. Hanya mafi sauƙi ita ce a jawo waya daga makulli, ko ma daga kan bobin, a murɗa, a naɗe da leda. Mota za ta tashi, kowa ya yi murna. Amma famfon da aka haɗa haka bai san inji ya tsaya ba. Idan mota ta yi karo ko ta kife, direba ya suma, tiyo ya tsinke, makulli na nan a kunne, famfon zai ci gaba da feso fetur har tanki ya ƙare ko batir ya mutu. A akori-kurar da ta ɗauko mutum goma sha biyar a kan buhuna, ba sai an faɗi abin da zai biyo baya ba.

Kayan da ke hana wannan ba su da tsada. Ana bukatar fis kusa da batir, da rile wanda zai ɗauki nauyin wutar, da kuma wani abu da zai gaya wa rile cewa inji ya tsaya. Wasu na amfani da makunnin da ke auna ƙarfin baƙin mai, ta yadda da zarar inji ya daina juyi famfo ya mutu. Wasu na sa makunnin karo, wani ɗan akwati mai maɓalli a kai da ke katse wuta idan mota ta bugi wani abu da ƙarfi. Motocin Ford da Peugeot da Fiat da yawa na shekarun 1990 sun zo da shi, yana nan a jikin gawarwakinsu a wuraren 'yan gwangwan, ba mai tambayarsa. Tiyo kuma ya zama na fetur, a ɗaure da maɗauri na ƙarfe. Farin tiyon roba da magina ke auna ruwa da shi yana bushewa ya tsage cikin 'yan watanni a zafin inji. Tsohon famfon ma ba a barin sa a tsakanin layi, domin idan fatarsa ta fashe sabon famfo zai riƙa ɗura fetur kai tsaye cikin baƙin mai. Cire shi ake yi a toshe gurbinsa da farantin ƙarfe.

Akwai ma tambayar ko ana bukatar sauyin tun farko. Motoci da yawa da ke shiɗewa a zafi, matsalarsu toshewar matata ce, ko tiyon da ya bi ta kusa da bututun hayaƙi, ko famfon da ya rasa ɗan allon da ke raba shi da zafin inji. Sabon famfo irin na asali, da wanke tanki, da kauda tiyo daga wurin zafi, sukan magance abin ba tare da an ƙara waya ko ɗaya ba.

Masu aiko da kuɗi daga waje

Gyaran irin waɗannan motoci sau da yawa ba daga aljihun direba yake fitowa ba. Ɗa ne ko ƙane da ke Libiya ko Aljeriya ko Abijan ko Legas ake bugo wa waya a ce motar Baba ta tsaya. Wasu kuɗi suke turowa, wasu kuma, musamman na Turai, sukan sayi kayan su ba mai zuwa gida.

Mai sayen modil daga nesa yana bukatar ya san abu ɗaya da sunan mota ba zai gaya masa ba: wane kamfani ne ya ƙera delkon. Peugeot 504 biyu na iya tsayawa kusa da juna, ɗaya da delkon Ducellier, ɗaya da na Paris-Rhône ko Bosch, kuma modil ɗin wannan ba ya zama a wancan. Motar da ta yi shekara arba'in a hanya kuwa, da wuya a ce delkon da ta fito da shi daga kamfani ne har yanzu a jikinta. Hoton lambar da ke jikin delko, a turo ta WhatsApp, shi ke raba mai saye da asara. Idan da hali, a sayi biyu, domin ranar da ɗaya ya ƙone ba a Jiratawa za a samu madadinsa ba.

Ga famfo, abin dubawa shi ne ƙarfin da aka rubuta a kwali: na kafireta ne ko na injekta. Wanda kuma kuɗi kawai zai turo, yana iya tambayar abu uku kafin ya biya: famfon daga wace irin mota aka ciro shi, a ina aka ɗaura shi, kuma idan inji ya mutu makulli na kunne, famfon na yin shiru ko yana ci gaba da ƙara. Ta ƙarshen ana iya gwada ta nan take a gareji, mai tambaya na saurare ta waya.